Daga Ruwan Toka Zuwa Buhun Taki: Tarihin Gishirin Ilektiron

 

Edita ya nemi in rubuto wani abu da ya shafi tarihi, na kuma san wasu za su zaci tarihin garinmu Sheme zan kawo, ko na ƙasar Faskari. Wannan na bar wa waɗanda suka fi ni sani. Ni tarihin wani gishiri zan bayar, dalilin haka kuwa 'yan ajinmu ba sa buƙatar a tuna musu.

Cikin shekarar 2006, muna aji huɗu, Malaminmu na Kemistiri ya shigo ɗakin gwaje-gwaje da wata 'yar kwalba mai kananzir, a ciki akwai wani abu mai launin toka. Ya ciro shi da hantsaki, ya sa wuƙa ya yanko ɗan ƙanƙane kamar ana yankan sabulu, ya jefa a cikin ruwa. Nan take abin ya kama zagaye a kan ruwan yana huci, 'yan gaba suka ja da baya. Malam ya ce wannan shi ne sodiyam, kuma shi ne rabin gishirin da muke ci a miya. Bayan mako guda ya yi mana gwaji, ya tambayi mene ne ɗaya rabin, wato ɓangaren gishirin mai alamar ɗebewa. Kowa ya rubuta kulorin, ni kaɗai na rubuta ilektiron. Malam ya karanta amsata a gaban aji, aka yi dariya har da masu riƙe ciki, ya zana mini ƙaton sifiri da jan biro. Tun daga ranar sunana ya koma Ilektiron, kuma har yau idan muka haɗu wurin ɗaurin aure haka wasu ke kirana, a gaban 'ya'yana ma.

To, Malam shi ne da gaskiya, sifirin nan na ci shi da haƙƙinsa. Sai dai lokacin da nake shekarar ƙarshe a jami'a na ci karo da wani labari a laburare, wanda ya sa na zauna na yi shiru. Ashe ranar da kuke yi mini dariya, irin gishirin da na rubuta bisa kuskure ya shekara 23 a duniya. Masana suna kiransa ilektiraid, ni kuwa a nan zan kira shi gishirin ilektiron.

Mene Ne Gishiri?

Ga waɗanda suka bar Kemistiri tun ranar da aka gama jarrabawar ƙarshe, bari in yi ɗan tuni. Kowane abu da ƙwayoyin zarra aka gina shi, kowace ƙwaya kuma tana da cibiya mai alamar tarawa (+), da ilektiron masu alamar ɗebewa (−) suna kewaye da ita. Wasu sinadarai, irin su sodiyam da fotasiyam, suna da ilektiron guda a can waje wanda ba su riƙe shi da ƙarfi ba, kullum neman wanda za su miƙa wa suke. Wasu kuma, irin su kulorin, saura guda ɗaya su cika, don haka kullum hannunsu a buɗe yake. Idan mai bayarwa ya gamu da mai karɓa, wannan ya koma mai tarawa, wancan ya koma mai ɗebewa, sai su manne wa juna. Wannan shi ne gishiri.

A gishirin ilektiron akwai mai bayarwa, amma babu mai karɓa. Ilektiron ya bar gidan ubansa, bai shiga gidan kowa ba, ya sami wani ɗan fili a tsakanin ƙwayoyin ya zauna shi kaɗai, ya zama shi ne ɓangaren mai alamar ɗebewa. Wahalar abin ita ce ilektiron ba ya son zaman kaɗaici. Da iska ko danshi sun taɓa shi ya tafi. Saboda haka tarihin wannan gishiri tarihi ne na neman ɗakin da zai yarda ya zauna, kuma neman ya ci shekara kusan 200.

Toka da Kanwa

Labarin ya faro ne daga abin da iyayenmu mata suka sani tun kafin boko. Idan aka tace toka da ruwa a tsiyaye, wannan ruwan tokar da ake sabulun salo da shi cike yake da fotasiyam. Sunan ma daga nan ya fito, domin a Turanci ma'anarsa tokar tukunya. Alamarsa ta K kuwa ta samo asali daga kalmar Larabci al-ƙali, wato tokar tsirrai, kuma daga ita ne aka sami sunan gidan su sodiyam gaba ɗaya. Za ku tuna yadda muka yi ta tambayar Malam ko waɗannan ƙarafa shari'a suke yankewa da ake ce musu alƙalai. Ita kuma kanwa, wadda fatake suka daɗe suna kawowa daga Barno da ƙasar Manga, mafi yawanta sodiyam ne, kuma daga tsohon sunan kanwa, wato natirun, aka ɗauko alamar Na.

Dubban shekaru mutane suna amfani da toka da kanwa ba wanda ya san akwai ƙarfe a ɓoye a ciki. Sai a watan Oktoba na 1807 wani Bature mai suna Humphry Davy, a birnin Landan, ya haɗa babban batir ya tura wutar lantarki cikin daskararren ruwan toka, sai ga wasu ɗigo-ɗigo masu ƙyalli kamar zaiba suna fitowa, wasu suna kamawa da wuta. An ce don murna sai da ya yi ta tsalle a cikin ɗakin. Bayan 'yan kwanaki ya fitar da sodiyam ta wannan hanya. Don mai karatu ya gane nisan zamanin, wajen lokacin ke nan da Malam Ummarun Dallaje ya karɓi mulkin Katsina.

A watan Nuwamba na 1808, shekarar da Alƙalawa ta faɗi, Davy ya ɗumama ɗan fotasiyam a cikin iskar amoniya, wato iskar nan mai wari irin na tsohon fitsari. Sai ya ga wani launi shuɗi mai kyau ya bayyana. Ya rubuta abin a littafinsa na aiki, bai buga shi ko'ina ba, ya wuce ga wasu ayyukan. Ba yadda za a yi ya fassara abin da ya gani, domin shi ilektiron ɗin ba a gano shi ba sai a 1897, ta hannun J. J. Thomson. Wannan rubutu ya kwanta cikin tsofaffin takardu har farkon shekarun 1980, lokacin da wani masani mai suna Peter Edwards ya tono shi.

Shuɗin Ruwa

A 1864 wani Bajamushe mai suna Weyl ya sake gamuwa da launin. Shi ya sanyaya amoniya ta zama ruwa ya jefa sodiyam a ciki. A zafi irin na ɗaki amoniya iska ce, ba ta zama ruwa a buɗaɗɗen mazubi sai sanyi ya kai digiri 33 ƙasa da sifiri. A cikinta sodiyam ba ya huci kamar yadda ya yi mana a ruwa, narkewa yake kamar sukari, ruwan ya rine ya yi shuɗi kamar baba a karofi. Idan aka ƙara ƙarfen da yawa sai launin ya juye ya koma na tagulla, yana ƙyalli.

Abin da ya ɗaure wa masana kai shi ne ko sodiyam aka sa, ko fotasiyam, ko kalsiyam, shuɗin iri ɗaya ne. Ke nan launin ba na ƙarfen ba ne, na wani abu ne da dukkansu suke saki. A 1908 wani Ba'amurke, Charles Kraus, bayan ya auna yadda ruwan ke ɗaukar wutar lantarki, ya ce ilektiron ne da kansa ya rabu da ƙarfen yana yawo, ƙwayoyin amoniya sun kewaye shi. Shekara 100 cif bayan Davy aka san abin da Davy ya gani.

Shuɗin ruwan bai tsaya abin kallo ba. A 1944 Arthur Birch, mutumin Ostireliya da ke aiki a Jami'ar Oxford, ya nuna yadda za a yi amfani da waɗannan sakakkun ilektiron a tausasa zoben benzin, wanda muka sani da taurin kai. Wannan hanya ta zama ginshiƙi wajen haɗa wasu magunguna, kuma har yau da sunansa ake kiranta. Amma ba a iya ɗibar ilektiron ɗin a ajiye. Da amoniya ta ƙafe sai ya koma wurin ubangidansa, a wayi gari da ƙarfen da aka fara da shi.

Zobe da Keji

Dabarar da ta rage ita ce a hana ubangidan karɓar abinsa. Wanda ya samar da makamin kuwa ba nemansa yake ba. Charles Pedersen ma'aikaci ne a kamfanin DuPont na Amurka, yana wani aiki daban ya ga wasu fararen zare-zare kaɗan a gindin kwalba. Wani zai wanke ya zubar, shi sai ya tsaya ya bincika. Ya tarar ƙwayoyin abin zobe ne, kuma ƙwayar sodiyam ko fotasiyam da ta saki ilektiron tana shiga tsakiyar zoben ta zauna daram kamar kai a cikin hula. Ya buga sakamakon a 1967, ya sa wa zoben suna kambi. A 1969 Jean-Marie Lehn na Faransa ya ƙera wanda ya fi shi, mai kama da keji, wanda ke rufe ƙwayar ta kowane gefe. Su biyun tare da Donald Cram suka sami kyautar Nobel a 1987, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Katsina. Pedersen yana da shekara 83 a lokacin, kuma bai taɓa yin digirin dakta ba.

James Dye na Jami'ar Jihar Mishigan shi ya ga abin da za a yi da wannan keji. A 1974 shi da ɗalibansa suka haɗa wani gishiri mai launin zinari wanda ɓangarorinsa biyu duk sodiyam ne: ɗaya ya ba da ilektiron an kulle shi a keji, ɗayan da ke waje ya karɓa ya zama mai alamar ɗebewa. Da wani cikinmu ya rubuta haka a jarrabawa, da shi ma ya sha jan biro. Daga nan Dye ya ce to, in aka hana ilektiron ko da wannan mai karɓar fa? Sai da suka ƙara shekara tara suna fama. A 1983 suka sami ƙwayar siziyam, wani ɗan gidan su sodiyam, suka rufe ta tsakanin zobe biyu kamar an kifa ƙwarya a kan ƙwarya. Abin ya daskare ya ba da baƙaƙen duwatsu ƙanana, kuma a 1986 hoton da aka ɗauka na tsarinsu ya nuna ramuka a daidai inda ya kamata a ga mai karɓa. A cikin ramukan ilektiron yake. Wannan shi ne gishirin ilektiron na farko.

Sai dai gishiri ne mai wuyar sha'ani. Dole a ɓoye shi daga iska, a kuma riƙe shi cikin sanyi mai tsanani, wajen digiri 40 ƙasa da sifiri. Da ya ɗan ji ɗumi sai ilektiron ya auka wa zoben da ke tsare da ubangidansa ya cinye, kamar gara ta ci azarar ɗakin da take ciki. Shekara 20 ana yi masa kallon abin mamaki wanda ba ya da amfani. Sai a 2005 su Dye suka sami kejin da ke jure zafin ɗaki, amma kafin nan wasu sun riga su ta wata hanya.

Ana Zaton Wuta a Maƙera

Hideo Hosono na Cibiyar Fasaha ta Tokyo a ƙasar Japan bai bi ta kan zobe ko keji mai tsada ba. Ya ɗauki wani abu da aka daɗe da sani a cikin wani nau'in siminti mai jure zafi, wanda ake kira mayenait, da sunan garin Mayen na Jamus. Haɗinsa kashi 12 na ƙonannen dutsen siminti ne, wato kalsiyam da oksijin, da kashi 7 na alumina, wato alminiyon da oksijin. Tsarinsa na ciki kamar gida ne mai ɗakuna 12, kowane ɗaki faɗinsa bai kai rabin nanomita ba, nanomita kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita. Ɗaki biyu ne kawai ke da baƙi, ƙwayoyin oksijin, kowace ɗauke da alamar ɗebewa biyu. Sauran 10 babu kowa.

A 2003 su Hosono suka rufe wannan dutse tare da ƙarfen kalsiyam a cikin bututu, suka gasa a zafin digiri 700 na tsawon kwanaki. Kalsiyam ya zuƙe baƙin nan biyu. Tun da ginin gidan mai alamar tarawa ne, dole wani ya maye gurbin, sai ilektiron huɗu suka shiga ɗakunan. Dutsen da ake gani garau kamar gilashi ya koma kore, sannan ya yi baƙi, kuma abin da a da ba ya ɗaukar wutar lantarki ya fara ɗauka. Wajen sauƙin sakin ilektiron kusan ɗaya yake da fotasiyam, wanda sai a cikin mai ake ajiye shi, amma shi wannan ana ajiye shi a kan tebur cikin busasshiyar iska ba abin da zai same shi. Ruwa ne dai maƙiyinsa. Shekara 195 bayan Davy, ilektiron ya sami ɗakin zama, kuma ginin da dutsen siminti aka yi shi.

A nan ne labarin ya iso gida. Duk wanda ya bi hanyar Sheme zuwa Ƙanƙara ya san farar ƙasar da ake haƙowa a wannan yanki, wadda 'yan boko ke kira kawolin, ana lodinta a buhuna zuwa masana'antun fenti da alli da tangaran. Tatacciyar farar ƙasa kusan kashi 40 cikin 100 na nauyinta alumina ce. Masu bincike a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya sun yi rubuce-rubuce a kan yadda ake fitar da alumina daga ta Ƙanƙara: a gasa ta da wuta mai ƙarfi, a jiƙa da asid, a tace. Dutsen siminti kuwa ga shi a Kalambaina ta Sakkwato da Ashaka ta Gombe. Kada a fahimce ni ba daidai ba, su Hosono da tatattun sinadarai suka yi aiki, kuma duniya daga wani dutse mai suna bokzait take samun yawancin aluminarta. Abin da nake nunawa shi ne sinadaran da suka warware matsalar ba baƙi ba ne a wurinmu. Ku tuna sinadarai 20 na farko da muka haddace kamar waƙa: kalsiyam, alminiyon, oksijin, sodiyam, fotasiyam, duk suna ciki, kuma duk 'yan manyan gidaje ne na jadawalin, waɗanda muka ɗauka an gama sanin halinsu tun zamanin kakanni.

Ina Ruwan Manomi?

Mai karatu zai ce to, ina ruwan mai noman masara a Sabuwa ko Daudawa da wani baƙin dutse a Tokyo? Ruwansa shi ne taki.

Dattawanmu suna tuna Shirin Raya Aikin Gona na Funtuwa, wanda aka fara a 1975 da rancen Bankin Duniya. Shi ya yaɗa takin zamani da sabon irin masara a wannan yanki, har masara ta tashi daga bayan gida ta koma babbar gona. Tun daga nan nomanmu ya rataya a wuyan kamfa da yuriya. Yuriya kashi 46 cikin 100 naitirojin ce, kuma daga amoniya ake yin ta, wato iskar nan dai da ta ba Davy shuɗin launi. Abin mamaki, iskar da muke shaƙa kashi 78 cikin 100 naitirojin ce, amma masara ba ta iya cin sa, domin ƙwayoyinsa biyu-biyu suke, ɗaure da igiya uku, ɗaya daga cikin ɗauri mafi ƙarfi da aka sani.

Fritz Haber ya tsinka wannan ɗauri a 1909, Carl Bosch ya mayar da aikin masana'anta a Jamus a 1913. Hanyarsu tana buƙatar zafin digiri 400 zuwa 500, da matsin da ya ninka na iskar duniya sau 150 ko fiye, tana kuma cinye tsakanin kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na makamashin duniya baki ɗaya. Irin wannan aiki ba ya biyan kansa sai a ƙatuwar masana'anta kusa da iskar gas. Shi ya sa namu suke can kudu, a Onne da Eleme ta Jihar Ribas, da ta Dangote a Legas wadda aka buɗe a 2022, mai iya fitar da tan miliyan 3 na yuriya a shekara. Kafin buhu ya iso kasuwar Sheme daga Legas ya yi tafiyar kusan kilomita 1,000, kuma kowane kilomita manomi ne ke biya. A wurin aikina na sha zama a kan takardun rabon taki, na kuma ga yadda mutum mai gona biyar ke shuka biyu ya bar uku, musamman a daminar 2022 da yaƙin Rasha da Yukiren ya tayar da farashi. Yayana na cikinsu.

A irin wannan aiki ana amfani da abin da ake kira katalis, wanda aikinsa kamar na dillali ne, ya haɗa mai saye da mai sayarwa shi kuma ya fita yadda ya shiga. A 2012 su Hosono suka ɗora ƙwayoyin wani ƙarfe mai suna ruteniyam a kan baƙin dutsensu. Dutsen yana tura wa ƙarfen ilektiron, ƙarfen yana cusa su cikin ɗaurin naitirojin, sai igiyar ta yi laushi ta tsinke da ƙarfin da bai wuce rabin na da ba. A ɗakin gwaji sun sami amoniya ba tare da wannan matsi mai tsanani ba. A 2017 aka kafa kamfanin Tsubame BHB don gwada ƙananan masana'antu da irin wannan dillali, kuma cikin waɗanda suka zuba jari akwai Ajinomoto, masu farin magin da ke cikin kwanon miyar kowane gida, domin su ma suna buƙatar amoniya a aikinsu. Masana'antar gwaji da suka kunna a 2019 tan 20 take fitarwa a shekara. Idan aka ajiye tan 20 kusa da tan miliyan 3 za a ga tafiyar da sauranta, ruteniyam kuma ƙarfe ne mai tsada. Amma manufar a fili take: a yi amoniya kaɗan-kaɗan kusa da inda ake buƙatarta.

Binciken bai tsaya a nan ba. A 2023 masana a Jami'ar Newcastle ta Ingila, ƙarƙashin Erli Lu, suka buga yadda suka zuba fotasiyam da wani gishirin litiyam a cikin ɗan injin niƙa mai ƙwallon ƙarfe, suka niƙa su a bushe, suka sami garin gishirin ilektiron mai jure zafin ɗaki muddin an kare shi daga iska da danshi. Da wannan gari suka yi aikin Birch ba tare da ruwan amoniya mai sanyi ba. Abin da a da sai da sanyin digiri 33 ƙasa da sifiri, yanzu ya koma aikin turmi da taɓarya.

Kammalawa

Idan muka dubi mutanen wannan tarihi, ba wanda ya ga ƙarshen abin da ya fara. Davy ya ga launi ya rubuta, Kraus ya fassara, Pedersen ya ƙi zubar da dattin kwalba, Dye ya yi shekaru yana gadin wani abu da ke lalacewa da ya ji ɗumi. Da an tambayi ɗayansu amfanin aikinsa ga manomi, da ba shi da amsa. Abin da suka samu shi ne ɗakin gwaji, da kwanciyar hankalin zama a cikinsa, da wanda zai ɗora daga inda suka tsaya.

Waɗannan abubuwa ne suka yi wa yaranmu wuya a yau. Ba wanda ya manta daren 11 ga Disamba, 2020, da 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara, waɗanda aka sako bayan kwana shida. Makarantar kimiyya ce, a ƙasar da ke zaune a kan alumina. Yaron da bai taɓa ganin sodiyam yana zagaye a kan ruwa ba, wanda ya san shi a allo kawai, da wuya ya yi tambayar da za ta kai shi wani wuri, ko da ta kuskure ce irin tawa. Mu mun gani da idonmu, domin Malam ya adana 'yar kwalbar nan ta kananzir shekara da shekaru yana yanko kaɗan-kaɗan don kowane aji ya samu. Da na kai ziyara makaranta a baya-bayan nan na leƙa ɗakin gwajin, teburan suna nan, amma ɗaliban da na tambaya ba wanda ya taɓa ganin wannan gwaji. Kuɗin kwalba guda bai fi ƙarfin mutum biyu ko uku cikinmu ba, ni kuma na sa sunana a farko.

Daga ƙarshe, Malam, in wannan mujalla ta iso hannunka, ina gaisuwa da ban girma. Ban zo neman a gyara mini maki ba, gishirin miya dai sodiyam ne da kulorin har gobe. Su kuma 'yan ajinmu, na ba ku izini ku ci gaba da kirana da sunan nan, yanzu na san tarihinsa.